Tafiya Jos da jariri a cikin hunturu: amsoshin tambayoyinku

Da hutun ƙarshen shekara ya ƙarato, wasiƙun da suka fi yawa daga mazauna Abuja ne masu shirin kai sabon jariri gaban kakanninsa a Jos. Mun zaɓi bakwai. Ma'aikatan jinyar yara ne suka amsa abin da ya shafi jariri, masu gyaran mota da direbobin hanyar suka amsa nasu ɓangaren.

Tambaya: Ɗanmu wata uku da haihuwa, za mu je Jos da motata a ƙarshen Disamba. Maman yaron ta ce za ta riƙe shi a cinya a kujerar baya, wai ya fi ɗumi kuma ya fi kwanciyar hankali. Shin dole ne sai na sayi kujerar jarirai ta mota? Daga wani mai karatu a Kubwa.

Amsa: Malam, saya. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, idan ta daki wani abu ta tsaya cak, daidai yake da faɗowa daga tsayin mita goma, wato bene hawa uku. A wannan ƙiftawar idon nauyin duk abin da ke cikin mota yakan ninka sau ashirin ko fiye. Yaro mai kilo shida zai koma kamar kilo 120, ya fi buhun shinkafa biyu. Babu hannun uwar da zai iya riƙe wannan. Idan kuwa ta zagaye kanta da shi da bel ɗaya, jikinta ne zai danne shi. Goyo a baya ma haka yake, yaron na tsakaninta da kujera. Kuma wa ke gudun hamsin tsakanin Keffi da Akwanga?

Kujerar da ta dace da ɗan wata uku ita ce wadda yaro ke kallon bayan mota. Dalili shi ne kan jariri ya yi wa wuyansa nauyi, ƙashin wuyan bai ƙosa ba. Idan yana kallon baya, jikin kujerar ne ke tallafe kai da wuya da gadon baya gaba ɗaya. Wurinta kujerar baya. Kada a taɓa ɗora ta a gaba inda akwai jakar iskar nan mai fashewa, don bugunta kaɗai ya isa ya kashe jariri. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ma ta hana zaunar da yaro ɗan ƙasa da shekara 12 a gaba.

Wajen ɗaurawa ne aka fi kuskure. Zura hannu a tsagar da ke tsakanin mazaunin kujerar baya da majinginarta. Idan ka ji wasu ƙananan ƙarafa biyu, su ne ake kira ISOFIX, Amurkawa na cewa LATCH, kuma motocin Amurka da aka ƙera daga ƙarshen 2002 suna da su. Idan kujerar yaron na da ƙugiyoyinsu, maƙala ka ja igiyar ta tsuke. Idan babu, bel ɗin mota ya wadatar: bi da shi ta ramukan da aka zana a jikin kujerar, ka soke shi, sannan ka jawo bel ɗin har ƙarshensa ka sake shi a hankali. A yawancin motocin da aka shigo da su daga Amurka za ka ji yana ƙas-ƙas yana komawa, ya kulle ke nan. Danna kujerar da ƙarfi ka janye sauran. Kama ta daidai inda bel ya bi ka girgiza. Idan ta motsa fiye da santimita biyu da rabi, kwance ka sake.

Sai kwanciyarta. Ga ƙaramin jariri ta kishingiɗa wajen digiri 45, galibi akwai layi ko 'yar alama a gefe da ke nuna daidai. Idan ta miƙe da yawa, kan yaron zai faɗo gaba, haɓa ta taɓa ƙirji, hanyar numfashi ta matse, kuma shiru zai yi ba kuka ba. Igiyoyin kafaɗa su fito daidai kafaɗarsa ko ƙasa da ita kaɗan. Bayan ka ja su, gwada tsunkule igiyar a kan kafaɗa da yatsu biyu. Idan ta tsunkulu, da saura. Idan akwai maɓallin ƙirji, ya tsaya daidai hammata.

In gwanjo za ka saya, juya ta ka duba takardar da ke manne a ƙasa. Akwai ranar ƙira, kuma yawancinsu shekara shida zuwa goma suke yi robar ta gaji. Wadda ta tsage, ko igiyarta ta zare, ko maɓallinta ba ya kamawa da ƙara, bar musu kayansu. Ka ɗaura ta kwana biyu ko uku kafin tafiya, ku ɗan zaga da yaron cikin gari, don kada safiyar tafiya ta zama ranar koyo.

Tambaya: Ana ta tsorata ni da sanyin Jos. Na sayi wata ƙatuwar rigar sanyi mai auduga wadda ke rufe 'yata tun daga kai har ƙafa. Ita zan sa mata a mota? Daga wata uwa a Gwarinpa.

Amsa: 'Yar'uwa, sanyin gaskiya ne. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, Abuja kuwa wajen 400 zuwa 500, kuma a Disamba da Janairu ma'aunin zafi kan sauko kusa da digiri goma da asuba. Amma rigar nan ki adana ta a jaka sai an sauka. A cikin kujerar mota haɗari ce. Audugar na sa ki ga kamar igiya ta tsuke, alhali iska ce a tsakani. Idan aka yi karo sai ta lotse, yarinya ta sulluɓe ta cikin igiyoyin. Ki gwada da kanki: sa mata rigar ki ɗaure ta, ki kwance ba tare da kin sassauta igiyar ba, ki cire rigar ki mayar da ita. Ratar da za ki gani za ta ba ki mamaki.

Kaya marasa kauri ake jerawa. Singileti, sai doguwar riga mai haɗe da wando, sai 'yar suwaita mara nauyi, da safa. Ki ɗaure ta, sannan ki yafa shawul ko ƙaramin bargo a kan igiyoyin daga ƙirji zuwa ƙasa, ba ya kaiwa fuska. Amfanin haka shi ne hanyar nan ba yanayi ɗaya ba ce. Za ku bar Abuja da ɗan sanyin safiya, wajen Akwanga rana ta buɗe mota ta ɗau zafi, da kun haye Hawan Kibo, hawan da ake bi a hau tudun Jos, kuma iska ta canza. Bargo ana yaye shi a mayar ba sai an tsaya ba.

Ƙa'idar mai sauƙi ce: abin da ya ishe ki, ki ƙara mata guda ɗaya a kai. Kada ki auna da tafin hannu ko ƙafa, na jarirai kullum da ɗan sanyi suke, shi ke sa iyaye su yi ta jibga kaya. Sa yatsu a ƙirjinta ko ƙeyarta. Ɗumi ba gumi, daidai ke nan. Idan kin ji danshi, ko fuska ta yi ja, ki rage. Zafi ya fi saurin cutar da jaririn da aka naɗe fiye da yadda mutane ke zato, yana cikin abubuwan da ke haddasa mutuwar fuju'a a cikin barci. Hula a waje ake buƙatarta. Idan mota ta yi ɗumi a cire, don ta kai jariri ke fitar da zafin da ya yi masa yawa. Kada kuma a lulluɓe kujerar baki ɗaya da zani don tare rana ko ƙura. A manna mayanin tare rana a gilashin gefe.

Tambaya: Wace hanya ta fi, ƙarfe nawa ya kamata mu tashi, kuma yaya za a yi da shayarwa? Ɗanmu wata biyar, nono yake sha, ana haɗa masa da madarar gwangwani. Daga wani magidanci a Lugbe.

Amsa: Hanyar da aka fi bi ita ce ta Nyanya, Mararaba, Keffi, Akwanga, Gwantu, Forest, Hawan Kibo, Riyom, Mararabar Jama'a, Bukuru, sai Jos. Tafiyar ba ta gaza kilomita 270 ba, ta kan kusa 300 gwargwadon unguwar da ka taso. Har Akwanga tagwayen hanya ce. Daga nan ta koma guda ɗaya, ga manyan motoci, ga kwana-kwana. Mai tafiya shi kaɗai kan yi awa huɗu zuwa biyar. Kai ka ƙiyasta shida zuwa bakwai, ka faɗa wa mutanen gida haka tun farko, don kada a yi ta kiranka a waya ana ina kuka kawo. Akwai masu yankewa ta Keffi zuwa Barde su ɓullo Gidan Waya. Kafin ka zaɓe ta, tambayi direbobin tasha da suka bi ta a makon, su ne suka san halin da take ciki.

Tashi wajen bakwai na safe. Kafin wannan lokaci hazo ya fi kauri, ga duhu. Da safe cunkoson Mararaba da Nyanya na masu shigowa Abuja ne, kai kuwa fita kake. Da yamma labarin ya juya. Burinka ka shiga Jos da rana tsaka ko kafin La'asar. Kada dare ya same ka a hanyar da iyali, saboda tsaro, saboda ramuka, kuma saboda idan mota ta lalace a kan tudu da dare, sanyin nan ne zai same ku a fili. Idan wani abu ya riƙe ku har azahar ba ku tashi ba, ku kwana ku yi sammako.

Jariri kada ya wuce awa biyu a kujera ba a ciro shi ba. Wanda bai kai wata ɗaya ba ma, rabin awa ake so, abin da ya sa muke cewa mai ɗanyen goyo ta haƙura da doguwar tafiya in ba dole ba. Tsaya a Keffi ko kusa, sai Akwanga, sai kuma sau ɗaya kafin hawan. Kowace tsayawa minti ashirin zuwa talatin: a ciro shi, a shayar, a sa shi ya yi gyatsa, a canza kunzugu, a shimfiɗa shi ya miƙe gaɓoɓinsa. Ku tsaya a gidan mai ko harabar masallaci inda mota za ta sauka daga titi sosai. Babba ɗaya ya zauna baya kusa da shi yana ganin fuskarsa.

Abin da aka fi yi, kuma shi ne mafi muni: yaro ya fara kuka, uwa ta ciro shi ta ba shi nono mota na gudu. An koma gidan jiya ke nan, kuɗin kujera ya tashi a banza. Kukan minti biyar kafin a sami wurin tsayawa ba ya cutar da shi. Haka kada a jingina masa fida a baki mota na tafiya, yana iya shaƙewa.

Madarar gwangwani ba a haɗa ta tun daga gida a zuba a jaka. Garin madara ba tsarkakakke ba ne daga ƙwayoyin cuta, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a dama shi da ruwan da zafinsa bai gaza digiri 70 ba. Cika fulas taf da tafasasshen ruwa da safe. Cikakken fulas ya fi riƙe zafi na awanni. Ɗauki fida uku ko huɗu da aka tafasa aka rufe. A wurin tsayawa a wanke hannu, a fara zuba ruwa, sannan gari bisa awon da ke jikin gwangwani, a girgiza, a tsoma fidar cikin ruwan sanyi ta huce, a ɗiga a bayan hannu a ji. Abin da aka dama aka ajiye, awa biyu ne iyakarsa. Wanda ya sha ya rage, a zubar. Nonon da aka tatsa yana awa huɗu a ɗakin da ba zafi, a kula mai ƙanƙara kuma yana kwana ɗaya.

Bushewar iskar hunturu kan sa a ce a ɗan ba yaro ruwa. Wanda bai kai wata shida ba ba ya buƙata, a ƙara masa nono. Uwar ce za ta sha ruwa da yawa. Idan yana jiƙa kunzugu sau shida a yini, ruwan jikinsa lafiya lau. A hawan, kunnensa na iya ɗan toshewa kamar yadda na manya ke yi. Tsotso da haɗiya ne ke buɗe shi, don haka shayarwa bayan an haye tana maganin rigimar.

Tambaya: Motata tsohuwar Corolla ce, cikin gari kawai nake yawo da ita. Me zan sa makanike ya duba? Daga wani ɗan'uwa a Karu.

Amsa: Kai ta mako ɗaya kafin tafiya. Gyaran jajibiri shi ke barin ƙusa ba a ɗaure ba, sai an yi nisa ta nuna kanta.

Fara da taya. A gefen kowace akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, masu nuna lokacin da aka ƙera ta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Jami'an kiyaye haɗurra shekara huɗu suke lissafa wa taya. Duba tsagewa a gefe, da kumburi, da zurfin zane, kada ya gaza milimita 1.6. Iskar da ta dace tana rubuce a jikin ƙofar direba, galibi tsakanin 30 da 35. Masu faci da yawa 45 ko 50 suke dannawa, taya ta yi tauri ta rage kama ƙasa. A auna da safe kafin ta ɗau zafi, har da safaya. Ka tabbatar jak da sifanar taya suna nan kuma suna aiki, tare da alamar tsayawa mai kusurwa uku da tukunyar kashe gobara.

Sai lagireto, don Hawan Kibo ne zai tona asirinta. Mota mai ɗan yoyo ko fankar da ba ta tashi tana iya shekara a Abuja ba ta nuna ba, amma ga kaya, ga mutane, ga hawa a bayan tirela a giya ta biyu, nan take allurar ma'aunin zafin inji za ta tashi. A duba tiyo na sama da na ƙasa, da murfi, da fanka, a zuba ruwan lagireto na ainihi. Idan allura ta haura a hanya, kashe na'urar sanyaya, sauka daga titi, kashe inji, ka jira aƙalla rabin awa. Kada ka buɗe murfin da zafi, ruwan zai yi tsiri ya ƙona fuska.

Gwada hita tun a gida. Da yawa ba su taɓa murɗa ta ba tun da suka sayi motar. Bar inji ya yi minti goma, juya maɓallin zuwa ja. Idan iska mai sanyi ko ɗumi-ɗumi ke fitowa, ɗayan biyu ne yawanci: ko wani makanike ya cire tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan inji, da sunan maganin zafin inji, ko an yanke tiyon da ke kai ruwan zafi cikin mota an haɗe su saboda yoyo. A mayar da tamostat, rashinta ma na ƙara shan mai. Hita ba don ɗumi kaɗai take ba. Da sanyin safiya numfashinku zai sa gilashin gaba ya yi raɓa ta ciki, kuma abin da ke share shi da sauri shi ne a juya iska zuwa gilashi, a kunna na'urar sanyaya tare da hita, a buɗe wa iskar waje hanya.

A sa motar a rami a duba salansa daga inji har wutsiya. Hudar salansa a ƙarƙashin mota, ga gilasai a rufe saboda sanyi, ita ke shigo da hayaƙi mai guba, kuma jaririn da ke baya shi zai fara jigata. A canza matatar iskar cikin mota, tana bayan akwatin da ke gaban fasinja, da matatar iskar inji. A bayan babbar mota mai tayar da ƙura, danna maɓallin da ke juya iskar ciki. Da ka wuce ta ka mayar, don zama a haka na kawo barci. Batirin da ke jan ƙafa a Abuja ba zai tashi da asubar Jos ba: a auna shi inji a kashe, lafiyayye na nuna bolt 12.4 zuwa 12.6.

Birki kuwa ranar dawowa za ka san darajarsa, don hawan ya koma gangara. Fatar birkin da ta gaza milimita uku a canza. Man birki na tsotsar danshi, shi ya sa ake sabunta shi duk shekara biyu. Idan ka dafe birki tun daga sama har ƙasa, zafi na iya tafasa man, feda ta nutse ba ta kama komai. Sa giya ta biyu ko ta uku tun kafin gangarar, a mai canza giya da kanta ka ja zuwa 2 ko L, inji ya riƙe motar, kana taka birki kana saki. Kada ka sa furi don tsimin mai. Ka riƙa duban madubi, babbar motar da ke bayanka ka ba ta hanya.

A cikin hazo kunna ƙaramar fitila. Babbar tana dukan ƙurar ta dawo maka ido. Ninka tazarar da ke tsakaninka da na gaba, kada ka wuce mota inda ba ka hango ƙarshenta. Dokar gudu ga ƙananan motoci 100 ce a tagwayen hanya, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari. Ajiye 122 a wayarka, lambar gaggawa ta jami'an kiyaye haɗurra ce, da 112, lambar gaggawa ta ƙasa.

Tambaya: Gidan surukaina a Jos da kaskon gawayi ake ɗumama ɗaki, kuma na san Hajiya za ta ce a shafa wa jikanta man zafi a yi masa wanka safe da yamma. Ina jin nauyin yi mata musu. Mene ne mai illa a ciki, mene ne zan iya kawar da kai? Daga wata mai jego a Wuse.

Amsa: Baiwar Allah, kaskon shi ne wanda babu kawaici a kansa. Gawayi na fitar da iskar da ake kira kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma garwashin da ya yi ja ya daina hayaƙi yana ci gaba da fitar da ita. Tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Babba zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya. Jariri barci kawai zai yi ta yi, ya ƙi nono, jiki ya saki. Ba a kwana da kasko a ɗaki, ko da an ɗan buɗe taga. A ji ɗuminsa a tsakar gida. Haka janareta, kada ya kwana a baranda ko kusa da tagar ɗakin. Idan mutum biyu a ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai, a fita da kowa waje nan take, a wuce asibiti da yaron.

Ɗakin da zafinsa ke tsakanin digiri 16 da 20 ya ishi jariri mai lafiya barci, in an sa masa kaya. A rufe tagogi tun La'asar kafin ɗumin rana ya fice, a toshe ƙasan ƙofa da tsumma, a janye shimfiɗa daga jikin bango. Ana iya ɗumama wurin kwanciyarsa da gorar ruwan zafi, a ɗauke ta kafin a kwantar da shi. Ya kwanta rigingine a katifa mai ɗan tauri, ba matashi, bargonsa mara nauyi ya tsaya a ƙirji. Babban bargon nan na manya kada ya hau kansa. A cire hula idan zai yi barci a ɗaki, sai dai bakwaini ko wanda aka haifa da ƙarancin nauyi, shi ana bin abin da asibiti suka ce. Gidan sauro ma a ɗaura, sanyi rage sauro yake yi kawai.

Man zafi mai mantol da kafur ba na 'yan ƙasa da shekara biyu ba ne. A hanci ko ƙirji yana ƙara majina ya takura numfashi. Ga wani da ba a cika lura da shi ba: ƙwallayen kafur da ake jefawa cikin adaka. Yara maza da yawa a ƙasar nan ana haifarsu da ƙarancin wani sinadarin jini mai suna G6PD, kuma kafur na fasa musu jini ya kawo shawara mai tsanani. Idan Hajiya ta ciro wa jikanta bargo daga akwati kika ji warin, a wanke a shanya tukuna. Zuma kuma sai ya shekara. Turaren wuta a yi shi yaron ba ya ɗakin.

Wanka ana iya sasantawa. Sau ɗaya ya isa, da hantsi ko azahar, a ɗaki a rufe. A fara zuba ruwan sanyi sannan na zafi, a gwada da gwiwar hannu, kada ya wuce minti biyar, tawul da kaya na kusa. Da yamma a goge fuska, wuya da mazaunai. Man kaɗanya ko basilin kuwa ki bar ta ta shafa son ranta, shi fatar ke so a wannan iska. Masu zuwa ɗaukarsa su wanke hannu, mai mura ya gaisa daga nesa.

Maganar kasko da man zafi, maigidan ne ya kamata ya yi ta da mahaifiyarsa, tun a waya kafin ku iso, ya ce umarnin asibiti ne. Daga bakin ɗa ta fi sauƙin shiga.

Tambaya: Wata maƙwabciya ta ce in ba ɗana Piriton ko maganin tari ya yi barci har mu isa. Daga wata uwa a Dutse Alhaji.

Amsa: Kada ki ba shi. Irin waɗannan magunguna na danne numfashin jariri, ga shi a kishingiɗe cikin kujera, kuma barcin zai ɓoye miki alamar da za ta nuna yana cikin matsala. Wasu yaran ma birkicewa suke yi maimakon barci. Ki shayar da shi ya ƙoshi kafin a tashi, rurin mota zai yi sauran.

Tambaya: Idan mura ta kama 'yata a can, yaya zan gane wadda za a yi jinya a gida da wadda sai asibiti? Kuma ranar rigakafinta ta mako 14 za ta faɗo muna Jos. Daga wata mai karatu a Nyanya.

Amsa: Ɗauki katin rigakafin ki tafi da shi. Kowace cibiyar lafiya a matakin farko za ta yi mata ta rubuta a katin, kyauta ne. Kada ki jira sai kun dawo, don rani ne lokacin ƙyanda da sanƙarau, ga taron dangi, gara duk abin da ya kamata ta samu ta same shi a kan lokaci.

Toshewar hanci kusan kowane jariri na yi a hunturu. Ɗigo ɗaya ko biyu na ruwan gishirin hanci na kantin magani, mai kashi 0.9, a kowace ƙofa kafin shayarwa, a goge abin da ya fito. Idan tana shan nono, tana wasa, ba zazzaɓi, jinyar gida ce.

Abin da za ki koya shi ne ƙirga numfashi. Tana kwance ba kuka, ɗaga rigar, ƙirga tashin ciki na minti ɗaya cur da agogon waya. Ƙasa da wata biyu, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa shekara, 50 ko fiye. Wannan, ko ki ga ƙasan haƙarƙari na lotsawa ciki idan ta ja numfashi, alamar limoniya ce, asibiti a ranar. Haka idan ta ƙi nono, ko tana amayar da komai, ko ta yi taune-taune, ko ba ta farkawa sosai, ko leɓe ya yi shuɗi, ko maɗiga ta kumbura. Zafin jiki na daidai 36.5 zuwa 37.5 ne a hammata. Jaririn da bai kai wata uku ba ya kai 38, ba a tsaya gwada magani a gida. Idan kuma zafin jikin ya sauka ƙasa da 36.5, ki cire mata kaya ki manna ta a ƙirjinki fata da fata, ku lulluɓa tare, ki ba ta nono, ki sake aunawa bayan awa ɗaya. In bai hau ba ku tafi.

A Jos akwai asibitin koyarwa na jami'a a Lamingo, da asibitin ƙwararru na jihar Filato, da Jankwano. A hanya akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Keffi da babban asibitin Akwanga.

Jakar da za ta zauna kusa da ke, ba a but ɗin mota ba: ma'aunin zafi, ruwan gishirin hanci, farasitamol na yara da sirinjin awonsa, kunzugu takwas zuwa goma, kayan canji kala uku nata da ɗaya naki, ledar zuba ƙazanta, sabulu da gorar ruwan wanke hannu. Farasitamol mai miligiram 120 a cikin mil 5, 'yar wata uku zuwa shida mil 2.5 take sha, tazarar aƙalla awa huɗu, kada ya wuce sau huɗu a yini da kwana. Ƙara ƙunshin gishiri da sukari guda uku da ƙwayar zinki saboda gudawa. Ki karanta jikin ƙunshin, akwai na lita ɗaya akwai na rabin lita, a dama da tafasasshen ruwan da ya huce, a ba ta mil 50 zuwa 100 da cokali bayan kowane zawo, nono kuma ba a dainawa. Zinki rabin ƙwaya, wato miligiram 10, ga 'yar ƙasa da wata shida, a narka a cikin nonon da aka tatsa, kullum har kwana goma ko da zawon ya tsaya.